Ƙauyen Aro na Zulaiha

A shekarar da aka zaftare wa ma'aikatan gwamnati albashi har sau biyu, kuɗin sefa kuma ya zube ƙasa warwas, Malam Tchinda mai koyar da labarin ƙasa ya ƙara wa bel ɗinsa huji biyu da ƙusa. 'Yan ajinsa sun ga hujin sarai, don ba abin da ke wuce idon yara, amma ba wanda ya tanka. Mutumin kirki ne, ba ya duka, bai kuma shiga sahun masu sayar da maki ba. Sai dai yunwa ta zaunar da shi ta koya masa dabara.

Ran Litinin ɗin da aka dawo daga hutun Ista ya shigo aji, ya rubuta "Ranar Ƙauye" a allo da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ce daga wannan mako, kowace Alhamis layi guda na ajin zai fito. Kowane ɗalibi zai nuna ƙauyensu a taswira, ya yi bayanin minti biyar, ya kuma zo da abin da ake samu a can don a gani da ido. Kayan, in ji shi, za su tsaya a hannun malami saboda ƙarin bincike. Layi takwas ne a ajin, kuma duk mai hankali ya gane binciken nan zai riƙe tukunyar gidan Malam Tchinda har ƙarshen zango.

Ba wanda ya ji haushi. A Duwala, babban birnin kasuwancin Kamaru, kowa yana da ƙauye. Yaron da aka haifa a tsakiyar unguwar Akwa, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, in ka tambaye shi daga ina yake, zai ambato maka wani gari a bayan duwatsu ba tare da ya tsaya tunani ba. Can ake tura shi hutu, daga can ake aiko musu da buhun gwaza da ayaba, in ya mutu kuma can za a kai shi ko da za a sayar da kwanon rufin gida.

"Layin farko ne za su buɗe mana," in ji malam, yana bin benci da ido har ya tsaya kan wata doguwar yarinya a gefen taga. "Zulaiha Mukhtar, ke muka zuba wa ido. Shanu ɗari biyu ba wasa ba ne. Na kuma karanta cewa mutanen arewa sun ƙware wajen busar da nama." Ya haɗiye yawu, duk ajin suka ji.

Zulaiha ta yi murmushi ta amsa da Faransanci, "Oui, Monsieur." Ba ta da saniya ko ɗaya. Ƙauyen ma ba ta da shi.

A New Bell aka haife ta, a unguwar Hausawa, a gidan da aka haifi babanta. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi a duniya ita ce ƙetare gada zuwa Bonaberi wajen wani suna. Shekara biyu da suka wuce, ran da ta fara kolej, aka bi benci-benci ana tambayar kowa ƙauyensu. Wannan ya ce Bangangte, waccan ta ce Yabasi, tambaya tana matsowa, ita kuwa ba ta da abin faɗa. Da aka zo kanta sai kawai ta ji bakinta ya ce, "Kanyar Maje. A arewa take."

Ba ƙirƙiro sunan ta yi ba, ɗauka ta yi ba da sanin mai shi ba. Kanyar Maje garin Kawu Iro ne, wani mai sayar da huluna da turare a kasuwa, wanda ke haya a ɗakin da ke bayan madafinsu. Ba kawunta ba ne na jini, zama ne ya ba shi sunan. Shekararsa uku da zuwa, amma har yau jikinsa ne kawai ya iso Duwala. Kullum bayan la'asar sai ya kifa turmi ya zauna kusa da Kaka Asibi, kakar Zulaiha ta wajen uba, ya shiga ba ta labarin gida ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba: kukar da ke bakin kasuwa, rijiya mai gaba ashirin da ruwanta ke kashe haƙori don sanyi, shanun huɗa guda biyu na mahaifinsa. Zulaiha tana wanke-wanke tana kwashewa, da safe ta kai makaranta ta juye. Kukar ta bar ta yadda take, rijiyar ma haka. Shanun ne dai suka yi ta hayayyafa a kan hanyar makaranta, ko da yake duka biyun bijimai ne.

Ta kuwa ci moriyar ƙauyen. Masu gwaza da rogo sun cika ajin, amma mai shanu ita kaɗai ce. Ƙawarta Mireille, wadda suke zama benci ɗaya, ta haddace Kanyar Maje har ta fi Zulaiha, wani lokaci ma ita ke gyara mata zurfin rijiyar.

Da aka fita tara, su biyun suka hau benci suka tasa taswirar Kamaru a gaba. Suka bi ta da yatsa tun daga Ngaundare har Kuseri, gari-gari, kogi-kogi. Babu Kanyar Maje.

"Wataƙila ta yi ƙanƙanta ne," in ji Mireille. "Namu ma babu shi. Amma ni na san inda yake, don can aka binne cibiyata, a gindin wata ayaba. Mamana ta ce inda cibiyar mutum take nan ne ƙauyensu. Taki a gindin kukar nan take?"

"A'a, kusa da rijiya," in ji Zulaiha, don bakinta ya riga ya saba.

Da ta koma gida ta tarar da Kawu Iro a kan turminsa, Kaka Asibi tana tsince waken ƙosan gobe. Ta ajiye jaka, ta gaishe su, ta yi kamar tambayar ba ta dame ta ba.

"Kawu, Kanyar Maje ta fi kusa da Garwa ne ko da Marwa?"

"Wace Garwa kuma? Gaba kaɗan take da Malumfashi."

"Ita Malumfashin a wane lardi take?"

Iro ya dubi ƙofar gida, ya dubi katanga, sannan ya rage murya. "Ke 'yar nan, Najeriya fa."

Zulaiha ta nemi bakin baranda ta zauna. Ta san akwai iyaka, ta ma zana ta da jan biro ta ci maki a kai. Amma a gidansu arewa arewa ce, inda goro ke tafiya, inda albasa ke fitowa, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa jan biron nan ya bi ta tsakanin ta da rijiyarta ba. Ga shi kuma lokacin bai yi kyau ba. Watannin nan rediyo ba ta da zance sai rikicin Bakasi, ƙasashen biyu suna huci, a titi kuwa duk wanda aka ce daga Najeriya yake sai a kira shi ɗan Biyafara, ko da bai san inda Biyafaran take ba. Rashin ƙauye abin kunya ne. Ƙauye a Najeriya a wannan wata kuwa neman magana ne.

Sai hawaye suka zo mata, ta kwashe komai ta faɗa: Ranar Ƙauye, taswira, kilishin da malam yake jira, da shanun.

"Nawa kika ce?" in ji Iro.

"Ɗari biyu."

"Allah Ya amsa bakinki," ya ce, ya shafa fuska da hannu biyu. Daga nan dariya ta kama shi har turmin ya nemi kifar da shi.

Zulaiha ta juya wajen tsohuwa da fushi. "Kaka, ai laifinku ne. Mu ina ne ƙauyenmu? Kowa a makaranta yana da nasa sai ni."

Kaka Asibi ba ta ɗago daga faifanta ba. "Kakanki da ƙafa ya iso garin nan da kayan fatauci a ka. In yana jin daɗi ya ce shi Bakano ne. In ya yi faɗa da Kanawa ya ce daga Banyo yake. Ni kuma a kan hanya aka haife ni, a wani zango kafin Fumban, ayari bai ko jira an yi suna ba. Zaɓi wanda kike so a ciki, ƙawata, duk kyauta ne."

"To cibiyata fa? Mireille ta ce inda aka binne cibiyar mutum nan ne ƙauyensu."

"In don wannan ne ai kin huta da kuɗin mota. Ni na binne ta da hannuna a bayan madafi. Ta ubanki ma tana nan kusa. Da kasuwa ta mutu aka rasa na cefane, shi ne aka yi ɗakin haya a wurin." Ta nuna da haɓa. "Ga mai gadin ƙauyenku nan zaune. Shekara uku yana minshari a kanku."

Iro ya daina dariya, ya dubi ƙofar ɗakinsa kamar yau ya fara ganin ta. Ya sosa ƙeya, can ya ce tunda yau ranar tonon asiri ce, shi ma yana da nasa. Tun da aka fara tare mutane a mararraba ana tambayar takardu, duk inda aka tsayar da shi cewa yake a New Bell aka haife shi, a wannan gida, takardar haihuwarsa ce ambaliya ta ci. Sau biyu ya sha da kyar. Amma jiya wani ɗan sanda ya tambaye shi sunan lungun da ke bayan masallaci, ya tsaya yana zare ido, Allah ne Ya taimake shi wata tasi ta bugi ɗan acaɓa hankalin kowa ya koma can.

"Ashe ɓarayi biyu nake ciyarwa," in ji Kaka Asibi. "Wannan ta sace garin wancan, wancan ya sace gidan wannan. Ni dai ban ji ba, ban gani ba, wake nake tsinta."

Nan suka ƙulla ciniki. Iro zai ba Zulaiha kayan Kanyar Maje na gaske, ita kuma za ta koya masa New Bell. Taswira kuwa, ya ce, ba abin damuwa ba ce: ta ɗora sanda a ko'ina sama da Garwa ta ce ƙauyen ya yi wa masu zane ƙanƙanta, wa zai je ya duba?

Washegari da la'asar aka buɗe makaranta a tsakar gida. Zulaiha ta kifa kwano a ka a matsayin hular ɗan sanda, ta riƙe muciya.

"Kai, tsaya. In an yi ruwa kwana biyu, ta ina kake bi zuwa masallaci?"

"Ta titi."

"An kama ka. Titi yana zama kogi har gwiwa. Ta lungun Mama Ngo Bisek mai gasa kifi ake bi, ka taka bulo bakwai, na biyar yana rawa, ka tsallake shi. Wace rana famfon bakin mangwaro ke kawo ruwa?"

"Kullum?"

"Talata da Asabar, shi ma in ya ga dama. Karen gidan Papa Nana, yaya sunansa?"

"Yanzu har kare sai na sani?"

"Sunansa Komanda, kuma ba ya cizon ɗan unguwa. Ran da ya daina yi maka haushi ka zama namu."

"Tambaye shi wa ya yi masa askin suna," in ji Kaka Asibi, wadda ba ta ji ba ta gani.

"Ɗan'azumi wanzami," in ji Zulaiha kafin Iro ya buɗe baki. "Duk wanda ya haura ashirin a unguwar nan shi ya aske shi, kuma kowa yana da tabo a bayan kunnen hagu, don idonsa na wannan gefen ba ya gani."

Iro ya shafa bayan kunnensa, bai sami komai ba.

Haka ta yi ta zubowa har aka kira magariba. Wanda ya haƙa rijiyar masallaci, gidan da gobara ta ci shekarar da aka rufe kasuwanni wata da watanni, yadda ake gaida tsofaffin ƙabilar Basa da ke ƙetaren kwata da yarensu in ana so su ba da hanya, kusurwar maƙabarta inda kakanta yake kwance. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ba ta tsaya tuna komai ba. Labarin Kanyar Maje kullum sai ta lallaɓa shi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, kada na yau ya karo da na jiya. Wannan kuwa zuwa kawai yake yi. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta manta da kwanon da ke kanta.

"Wannan gari naku ya fi ƙarfin kaina," in ji Iro. "Kanyar Maje gaba ɗayanta ba ta kai rabin wannan ba."

Ya cika alkawari duk da haka. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin garin kuka, da daddawa guda biyar, sannan ya koma ya daɗe. Da ya fito yana riƙe da zangarniyar gero guda ɗaya, ta bushe ta yi duhu, wadda ke rataye a saman gadonsa tun zuwansa. Ya ce daga gonarsu take, mahaifiyarsa ce ta cusa masa a jaka. Kuka da daddawa ya bar wa malam, amma wannan aro ce, a dawo masa da ita ko tsaba ɗaya kada ta zube.

Ran Alhamis ajin ya koma kasuwa. Gwaza, rogo, ayaba nono guda, galan na manja, wani yaro ma da kaza ya zo, an ɗaure mata ƙafa a ƙarƙashin benci tana sa baki a darasi. Malam Tchinda ya zo da buhu biyu a naɗe a hammata, ya ajiye su a bayan tebur kamar ba nasa ba.

Kafin a fara, Mireille ta kamo hannun Zulaiha, fuskarta cike da murna. "Ina da labari. Mama ta yarda. Bana ba za mu je namu ƙauyen ba, babu hali, shi ne na ce mata zan bi ki Kanyar Maje dogon hutu. Har ta fara ɗinka mini doguwar riga don kada in ba ki kunya a gaban danginki."

Zulaiha ta ce, "Kai, madalla." Ta san maman Mireille. Gyaɗa take soyawa a bakin titi a Nkololun, kuma yadin doguwar riga a wannan shekara ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Mutum huɗu suka yi nasu, malam yana gyaɗa kai, idonsa yana kan kwandon da ke gaban Zulaiha. Da aka kira ta, shi da kansa ya taso ya karɓa, wai kada ya yi mata nauyi. Ya ɗaga murfi. Warin daddawa ya tashi ya gaida kowa har benci na ƙarshe. Ya ɗaga ƙullin kuka, ya leƙa ƙarƙashinsa. Ya ɗaga zangarniya, ya leƙa ƙarƙashinta. Ya girgiza kwandon a hankali ko wani abu ya maƙale.

"Sauran yana tafe ne?" ya tambaya.

"Ke nan, Monsieur."

Ya miƙa mata sanda ba tare da ya dube ta ba. Ta je gaban taswira, ta ɗora sandar a Ngaundare, ta haura Garwa, ta wuce kaɗan inda babu rubutu, fili fetal, wurin da ƙauye zai zauna lafiya ba mai tayar da shi. Abin da ya rage kawai ta buɗe baki. Sai ta waiga, ta ga Mireille ta tallabe haɓa tana murmushi, leɓenta har ya fara motsi zai taya ta faɗin zurfin rijiya. Kunya ta rufe Zulaiha, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta jawo sandar ƙasa, tana ƙara a kan takarda, ta wuce duwatsu, ta wuce daji, har bakin teku.

"Nan ne," ta ce. "New Bell. Kanyar Maje garin mai haya a gidanmu ne, ban taɓa zuwa ba. Geron nan ma nasa ne. Ba mu da shanu."

'Yan ajin suka dubi juna. Sannan aka fashe da dariya, ana buga benci.

"New Bell ai gidan yari ne," in ji wani ƙato daga baya, Ebenezer, wanda ya shekara uku a ajin, don a unguwar babban kurkukun Duwala yake. "Wane laifi ƙauyenku ya yi aka ɗaure shi?"

Da a ce ya yi shiru, da ta koma ta zauna ta yi kukanta. Amma Zulaiha jikar Asibi ce, ba a taɓa ta a kwana lafiya.

"Kai Ebenezer, a bayan kwatarmu kake kwana. Ran da ruwa ya tafi da katifarku, a zauren wa kuka kwana uku?" Ta juya wajen malam. "Monsieur, minti biyar ɗina bai fara ba."

Ta kuwa yi minti biyar ɗinta har da ɗoriya. Ta faɗi iyakar garin gabas da yamma, ta faɗi koginsa, wato kwata, da watannin da yake cika. Ta faɗi abin da ake samu: ƙosai, ɗinki, gyaran agogo, sauro. Ta faɗi waɗanda suka kafa shi da inda aka binne su. Wasu suna dariya har yanzu, amma wasu sun fara gardama a kan ko bulo na biyar ne ke rawa ko na huɗu, don rabin ajin ta lungun nan suke bi. Mireille kaɗai ce ba ta yi dariya ba, ba ta yi gardama ba. Ta juya wa allo ƙeya tana kallon taga.

"Takwas bisa ashirin," in ji Malam Tchinda. "Ba ki amsa abin da aka tambaya ba. Unguwa ba ƙauye ba ce."

Da aka tashi, Zulaiha ta tsaya karɓar zangarniyar Kawu Iro. Aji ya watse, malam yana durƙushe yana cusa gwaza a buhu. Ya miƙo mata geron, ta naɗe shi a takarda da kyau. Ta juya za ta tafi sai ya yi gyaran murya.

"Zulaiha. Ko guda ɗaya babu?"

"Ko akuya babu, Monsieur."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na riga na gaya wa yarana za su ci kilishi," ya ce. Bai faɗa da faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ya ɗaga ƙullin kuka, ya shinshina, ya juya shi. "Wannan kuma yaya ake yi da shi? Shayi ne?"

"Miya ce. Amma in ba a iya kaɗawa ba sai ta yi gudaji." Ta dubi bel ɗinsa. Ran Alhamis Kaka Asibi takan samo ƙashi da 'yar tsoka wajen mahauta, kuma ba a taɓa auna tuwon gidansu daidai bakin mutanen gida ba. "Monsieur, kakata ta iya. Ka zo ka gani da ido, ai bincike ne. Ƙauyen namu ba nisa, minti goma ne a ƙafa. In yaran suna kusa ma a biya a ɗauko su."

Malam Tchinda ya buɗe baki zai ƙi, don malami ne, yana da mutuncinsa. Cikinsa ya riga shi magana. Ya ce yaran suna unguwar Bali wajen gwaggonsu, amma in akwai 'yar roba mai murfi ba zai ƙi ba. Ya saɓa buhu ɗaya a kafaɗa, ya rataya ɗaya, ya riƙe kaza a hannu.

A bakin ƙofar makaranta suka tarar da Mireille tsaye, ta harɗe hannu.

"Ba magana nake yi da ke ba," ta ce wa Zulaiha. "Shekara biyu kina mayar da ni sakarya. Amma an yi mini alkawarin ƙauye, har an yanka yadi, saboda haka sai na gan shi."

"Ki yi haƙuri, Mireille."

"Na ce ba magana nake yi da ke ba. Wuce gaba."

Zulaiha ta wuce gaba. An yi ruwa da rana, titi ya cika, sai ta karya da su ta lungu. Shekarar Malam Tchinda ashirin a Duwala, bai taɓa shiga unguwar Hausawa ba sai dai ya hango ta daga tasi, yanzu ga shi yana bin bayan ɗalibarsa yana taka inda ta taka. Tela ya ɗago daga kekensa ya ce, "Zulai, an taso?" Mai itace ta ce a gaya wa Kaka saƙonta ya iso. Wani tsoho a kan buzu ya tsayar da su ya tambayi ko lafiya ta jawo malami har gida, ta ce lafiya lau, ziyara ce, ya ce to a sauka lafiya. Malam yana ta ɗaga kaza yana amsa gaisuwar da bai ji ba.

Ta yi sallama a ƙofar gida. Kaka Asibi tana bakin murhu, Kawu Iro yana kan turminsa. Zulaiha ta fara miƙa masa geronsa a naɗe cikin takarda, ya buɗe ya duba, ya rufe, ya sa a aljihun ƙirji.

"Su wa kika jawo mana?" in ji tsohuwa.

"Baƙi ne, Kaka. Sun zo ganin garinmu."

Kaka Asibi ta dubi Mireille, ta dubi malamin sama da ƙasa, da buhunansa da kazarsa, ta ƙara itace a wuta.

"To tsayuwar me kike yi? Ɗauko tabarma, ki kawo musu ruwa. Wannan dogon a fara zuba masa."

Zulaiha ta shiga ɗaki da sauri. Ta wuce tsohuwar tabarmar da suke zama a kai kullum, ta hau kujera ta sauko da sabuwar daga kan sif, wadda ba a shimfiɗa wa 'yan gida.